Zumunci a Ƙafa Yake: Rayuwar Farish, Ziyarar Ibada da Aikin Jinƙan Matasa a Dayosis ɗin Katolika na Kontagora

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda mabiya ɗariƙar Katolika suke gudanar da rayuwar addininsu a dayosis ɗin Kontagora, wanda ya haɗa arewa maso yammacin Jihar Neja da wani yanki na kudancin Kebbi. An bibiyi kafuwar dayosis ɗin daga 1995, sannan aka duba waɗanda suke riƙe da majami'un ƙauye, da matsayin ziyarar ibada, da irin taimakon da matasa suke kai wa mabuƙata. Hujjar maƙalar ita ce, a wannan ƙasa farish tafiya ce kafin ya zama gini, kuma ziyarar ibada da aikin jinƙai ƙafa ɗaya ce take ɗauke da su. Tun da rashin tsaro ya sa hanya ta zama abin tsoro, dole a sake tunanin yadda za a riƙa yin su biyun, a matso da su kusa da gida, a kuma buɗe amfaninsu ga kowane maƙwabci.

1.0 Gabatarwa



Idan ana maganar Kiristanci a Arewa, hankali yakan tafi Jos ko Kudancin Kaduna ko Wusasa. Ba a cika tunawa da Kontagora ba sai wani bala'i ya faru. A watan Nuwamba na 2025 duniya ta ji sunan Papiri, ƙauyen da ke Ƙaramar Hukumar Agwara, saboda sace yaran makarantar St. Mary's. An yi ta muhawara kan adadin yaran da kuma wanda ya yi sakaci. Abin da mutane kaɗan suka tsaya suka tambaya shi ne: yaya aka yi makarantar kwana mai ɗaukar ɗaruruwan yara ta tsiro a wannan lungu, bayan kogin Kwara, inda mai mota ma sai ya shirya kafin ya doshi wurin? Su wa suka kai 'ya'yansu can, kuma wace irin rayuwar addini ce ta haɗa su?

Amsar tana cikin abin da Katolika suke kira farish, wato yankin jama'ar da Fada guda yake kula da su a ƙarƙashin bishop. Dokar cocin ta 1983 ta bayyana farish a matsayin jama'a tsayayyu, ba ta ce gini ba. A birni ana iya mantawa da wannan bambanci, domin jama'ar da ginin suna unguwa ɗaya. A ƙasar Kontagora ba ya mantuwa. Madogarar wannan maƙala ita ce bayanan da cocin yake fitarwa a bainar jama'a, da dokokinsa, da abin da ake gani a majami'un Arewa masu yin sujada da Hausa.

2.0 Ƙasar da yadda dayosis ya kafu

Kontagora gari ne na sarauta mai tushe a Daular Usmaniyya. Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, shi ya kafa ta a 1864, kuma har yau sarkinta Sarkin Sudan ake kiransa. Turawan Ingila sun ci garin a 1901 a zamanin ɗansa Ibrahim. Cikin gari Musulmi ne mafi rinjaye. Amma da an fita ƙauye za a tarar da Kambari da Dukawa da Dakarkari, a Borgu kuma da Busawa da danginsu, waɗanda da yawa daga cikinsu sun daɗe a kan addinin gargajiya. Tarihin hare-haren ƙarni na 19 ya sa wasu daga cikin waɗannan al'ummu suka saba da zaman nesa da gari, tunga-tunga, kowane gida da gonarsa. Wannan warwatsuwa ita ce ta tsara siffar cocin da ya zo daga baya.

Ƙungiyar mishan ta SMA, wadda Bishop de Marion Brésillac ya kafa a birnin Lyon na Faransa a 1856, ta isa Lokoja a 1884, ta kuma buɗe Shendam a 1907. Ƙasar Kontagora kuwa ta daɗe tana gefen taswira, rabe tsakanin dayosis uku: Ilorin da Minna da Sakkwato. Rabon Ilorin ba abin mamaki ba ne, tun da Borgu tana cikin Jihar Kwara har zuwa 1991. Sai ranar 15 ga Disamba 1995 Fadar Vatican ta yanko daga waɗannan ukun ta kafa yankin mishan na Kontagora mai zaman kansa, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 46,000, aka damƙa shi ga Fada Timothy Carroll, ɗan SMA daga ƙasar Ailan. An ɗaga matsayin yankin a 2002, Carroll ya zama bishop, ya riƙe har 2010. A 2012 aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna, ɗan ƙasa haifaffen yankin, kuma ranar 2 ga Afrilu 2020 Fafaroma Francis ya mai da Kontagora cikakken dayosis a ƙarƙashin lardin Kaduna, da babbar majami'ar St. Michael a matsayin kujerar bishop.

Abin lura a tarihin nan shi ne hanyar da 'yan mishan suka shiga ƙauyukan Kambari a wurare irin su Guffanti da Papiri. Ba su fara da dogon gini ba. Sun fara da haƙa rijiya, da kula da lafiya, da karatun rani, wato ajin koyon karatu da rubutu da ake buɗewa bayan an gama girbi, lokacin da manomi yake da sukuni. Sistocin OLA, ƙungiyar mata da aka kafa a 1876, sun ɗauki nauyin makaranta da ɗakin magani. Kowa yana da 'yancin ya ce wannan dabarar jawo mabiya ce, kuma ba za a ce babu wannan niyya ba, ai mishan ne. Sai dai rijiyar da aka haƙa a bakin tunga, Bafulatani ya sha, Bahaushe ɗan kasuwa ya sha, mai bin gargajiya ya sha. Wannan gado ne, kuma da shi zan auna aikin matasan yau.

3.0 Su wa ke riƙe da farish?

A takarda Fada ne shugaban farish. A aikace, Fada guda yana iya samun majami'un ƙauye masu yawa a ƙarƙashinsa, wasu sai da babur, wasu sai an hau kwalekwale, wasu kuma da damina ta sauka shi ke nan sai kaka. Ba zai yiwu ya yi sujadar Mas a ko'ina kowace Lahadi ba. Wanda yake tsaye a wurin shi ne katikis, wanda jama'a suke kira Malam ko Baba Katikis. Shi yake buga ƙararrawa, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya yi wa'azi, ya koyar da masu neman baftisma, ya yi addu'a a kan gawa, ya sasanta miji da mata kafin magana ta kai gaban mai unguwa. Manyan abubuwa biyu ne ba ya iya yi: ba ya tsarkake gurasa da ruwan inabi, ba ya kuma karɓar furcin zunubi. Waɗannan sai ranar da Fada ya zo, shi ya sa ranar takan zama kamar ƙaramar salla, a haɗa baftisma da ɗaurin aure da Jibin Ubangiji a yini ɗaya. Yawancin waɗannan malamai manoma ne, ɗan abin da ake ba su bai kai ya riƙe gida ba. Cocin Arewa ya daɗe da gane muhimmancinsu, shi ya sa aka kafa makarantun horar da su, irin wadda ke Malumfashi, mai ɗauke da sunan Joseph Mukasa, ɗaya daga cikin shahidan Uganda.

Ginshiƙi na biyu mata ne. Duk wanda ya taɓa shiga majami'ar Katolika mai yin Hausa ya san Zumuntar Mata Katolika, da ankonsu da tulun kiɗansu da caki. A idon baƙo mawaƙa ne kawai. A gaskiya su ne asusun farish na ɓoye: su ke adashi, su ke kai wa mai jego itace da hatsi, su ke dafa abincin makoki, su ke sanin yarinyar da aka cire daga makaranta tun kafin labari ya kai kunnen Fada. Akwai Zumuntar Maza, akwai rundunar Maryamu da aka fara a Dublin a 1921, akwai ƙungiyar yara ƙanana, amma idan mata suka janye hannu na wata guda za a ga inda ƙarfin yake.

Harshe ma yana da nasa labarin. Babban taron Vatican na Biyu, daga 1962 zuwa 1965, shi ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin. A ƙasar Kontagora harshen da ya ci wannan riba shi ne Hausa, domin ita ce ta haɗa Bakambare da Badukke da Badakkare a kasuwa, sai ta haɗa su a majami'a. An yi ƙoƙarin rubuta harsunan gida da yin addu'a da su, kuma ya kamata a ci gaba, don tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai ita ma tana da haƙƙin ta fahimci abin da ake faɗa. Amma Hausa ce harshen taro.

A cikin garin Kontagora kuwa siffar ta bambanta. Akwai 'yan kasuwa Ibo, da ma'aikata da sojoji da ɗalibai daga Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna da ƙasar Yarbawa. Don haka akan yi Mas na Turanci da na Hausa, kuma sau da yawa kamar jama'a biyu ne suke amfani da rufi ɗaya. Baikon gari ya fi kauri, musamman a bikin godiyar kaka da gwanjon da ke biye da shi a ƙarshen shekara. Na ƙauye kuwa damin dawa ne da kaza da ƙwaryar gyaɗa. A ganina babbar jarrabawar dayosis irin wannan ita ce kada mai kuɗin gari ya ɗauki ɗan ƙauye a matsayin abin tausayi kawai, alhali ɗan ƙauyen ne ya ba cocin bishop ɗinsa na yanzu. Taron bishop-bishop na Afirka na 1994 ya zaɓi a riƙa kallon coci a matsayin iyalin Allah. Iyali kuwa, kamar yadda Bahaushe ya ce, zumuncinsa a ƙafa yake.

4.0 Ziyarar ibada

Ga 'yan'uwa Musulmi, yana da kyau a fayyace abu guda: ziyarar wurare masu tsarki ba farilla ba ce a Katolika yadda Hajji yake rukuni a Musulunci. Aikin lada ne da tuba, wanda mutum zai iya mutuwa bai yi ba kuma babu laifi a kansa. Duk da haka tana da daraja ƙwarai, kuma a Nijeriya ta kasu mataki-mataki.

Na sama shi ne zuwa Urushalima da Baitalami da Nazarat, wani lokaci har da Roma. Wannan tafiya tana hannun gwamnati ta hanyar Hukumar Alhazan Kirista ta Ƙasa da aka kafa da dokar 2007, jihohi suna raba kujeru. Wanda ya dawo yakan ƙara haruffan JP a bayan sunansa, alamar ya je Urushalima. Ba na raina wannan tafiya, wanda ya je ya taka inda Yesu Almasihu ya taka ya san abin da ya ji. Amma mu faɗi gaskiya: kujerar gwamnati tana bin sanayya, kuɗin kai kuma ya fi ƙarfin manomin Agwara ko Rijau nesa ba kusa ba. Ziyarar da talaka ba zai taɓa yi ba, ba za ta zama tushen rayuwar farish ɗin talakawa ba.

Mataki na biyu shi ne wurare na cikin ƙasa da na Afirka. Akwai Aguleri a Jihar Anambra, mahaifar Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana a matsayin mai albarka a ziyararsa ta Maris 1998. Akwai dutsen Oke Maria a Otan Ayegbaju ta Jihar Osun, da Aokpe a Jihar Binuwai. 'Yan Nijeriya kuma suna cikin baƙin da suke cika Namugongo ta Uganda kowace ranar 3 ga Yuni. Duk waɗannan suna da nisan ɗaruruwan kilomita daga Kontagora, kuma babu ɗaya da Hausa take harshen taronsa.

Mataki na uku, wanda ba a cika kiransa ziyara ba, shi ne wanda ya fi shafar jama'a. Shi ne tattakin Hanyar Gicciye a ranakun Juma'a na Azumi, da jerin gwanon ganyen dabino mako guda kafin Ista, da zagayen gida-gida da ake yi ana jan rosari a watan Oktoba, da babban jerin gwanon Almasihu Sarki a ƙarshen Nuwamba, lokacin da damina ta ɗauke. Shi ne kuma tafiyar da 'yan ƙauye suke yi zuwa hedikwatar farish don Ista ko Kirsimeti ko ranar da bishop zai zo ɗora hannu, su kwana a harabar majami'a, kowa da tabarmarsa da garinsa. Wanda ya yi tafiyar rabin yini a ƙafa da goyo don ya karɓi Jibin Ubangiji, wace ziyara ce ta rage masa?

Cocin da kansa ya ƙarfafa wannan fahimta a Shekarar Jubili ta 2025. Fafaroma Francis ya buɗe ta a Roma ranar 24 ga Disamba 2024, ya kuma umarci kowane bishop ya buɗe ta a babbar majami'arsa ranar 29 ga wata. Ƙa'idojin da Vatican ta fitar sun nuna ana samun falalar shekarar ba sai an je Roma ba, ziyartar babbar majami'ar dayosis ta wadatar. Sun ƙara da wani abu da ya fi jan hankalina: zuwa gai da marar lafiya ko ɗan kurkuku ko tsohon da ba shi da kowa, shi ma ana lissafa shi kamar ziyara ce zuwa ga Almasihun da ke tare da su. A nan ne ziyarar ibada ta haɗu da aikin jinƙai, kuma wannan haɗuwa ta dace da Kontagora fiye da yadda ta dace da Legas ko Abuja.

5.0 Matasa da aikin jinƙai

Matasan farish suna taruwa ne a ƙarƙashin Ƙungiyar Matasan Katolika ta Nijeriya, wadda aka fi sani da CYON, mai rassa daga majami'ar ƙauye har zuwa matakin ƙasa. Su ne mawaƙa, su ne masu share harabar coci, su ne masu kafa rumfa da tsare ƙofa. Ta fuskar jinƙai, abin da aka saba gani a farish-farish na Arewa shi ne kai ziyara asibiti da gidan gyaran hali da gidan marayu, da sabulu da shinkafa da tufafi, yawanci a lokacin Azumi, ko makon matasa, ko dab da Kirsimeti.

Aiki ne mai kyau, amma yana da rauni uku da suke tafiya tare. Na lokaci-lokaci ne, alhali yunwa ba ta jiran Disamba. Kuɗin riguna masu tambari da na hayar mota da na lasifika wani lokaci yakan kusa kamo kuɗin abin da aka kai. Sannan tun da wayar hannu ta shigo, ɗaukar hoto don Facebook ya zama rabin aikin, har a tsayar da marar lafiya a miƙa masa leda ana murmushi. Linjila kuwa ta yi gargaɗi a fili game da sadakar da ake yi don idon mutane, kamar yadda Musulunci ya yi gargaɗi game da riya. Wannan salon birni ne aka kwaikwayo, bai yi kama da gadon rijiya da karatun rani ba.

Akwai samfurin da ya fi wannan, kuma a cikin cocin yake. A 1833 wani ɗalibi ɗan shekara 20 mai suna Frédéric Ozanam ya haɗu da abokansa a birnin Faris suka kafa ƙungiyar St. Vincent de Paul, wadda take da rassa a farish masu yawa na Nijeriya. Tsarinta mai sauƙi ne. Ana zama a kai a kai, ana zagaya jaka kowa ya sa abin da ya samu ba tare da wani ya gani ba, sannan a tafi gidan mabuƙaci bibbiyu, a zauna da shi, a ji damuwarsa, a dawo a ba da rahoto. Ba a tambayar addininsa. Pier Giorgio Frassati, saurayin Italiya da ya rasu a 1925 yana da shekara 24, wanda Fafaroma Leo na 14 ya sa a sahun tsarkaka ranar 7 ga Satumba 2025, ɗan wannan ƙungiya ne. Abin takaici, a wurare da dama an bar ta ga dattawa, matasa suna ganin ba tasu ba ce, alhali ɗalibai ne suka kafa ta.

Saurayin ƙauyen Kontagora ba shi da kuɗi, amma yana da ƙarfi da lokaci, musamman da rani. Al'adar gayya tana nan a ƙasar tun kafin zuwan coci. Idan matasan majami'a suka nome gonar gwauruwa, suka gyara rufin tsoho kafin ruwan farko, suka yashe rijiyar da kakanninsu suka haƙa da 'yan mishan, suka zauna da yaran da makarantarsu ta rufe suna koya musu karatu a gindin bishiya, sun yi abin da ya fi buhun shinkafa daɗewa. Na gari kuma suna da nasu: jerin sunayen masu ba da jini da lambobin wayarsu, don mai naƙudar da aka kawo asibiti da tsakar dare. Wannan ba ya buƙatar tallafin wata ƙasa. Ofishin adalci da ci gaba da zaman lafiya na dayosis, da Caritas Nigeria da bishop-bishop suka kafa a 2010, suna iya ba da horo da kayan aiki, amma ƙafar ta matasa ce.

A nan ya kamata matasan coci su dubi maƙwabtansu ba tare da girman kai ba. 'Yan agajin ƙungiyoyin Musulunci, na Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, sun yi nisa wajen horo da tsari da taimakon gaggawa. Haɗarin mota a hanyar Kontagora zuwa Yawuri, ko kifewar jirgin ruwa a tafkin Kainji irin wanda ya ci rayuka masu yawa kusa da Warrah a watan Mayun 2021, ba ya tantance mai salla da mai zuwa coci. Garin Kontagora da ya ga ƙone-ƙonen majami'u a rikicin zanen ɓatanci na Fabrairun 2006 ya san tsadar rashin sanin juna. Matasan da suka taɓa ɗaukar gawa ɗaya ko suka ba da jini a ɗaki ɗaya, da wuya a zuga su su ɗauki makami a kan juna.

6.0 Da hanya ta zama abin tsoro

Duk abin da na lissafa a sama hanya yake buƙata, hanyar kuwa ita 'yan bindiga suka ƙwace. A 2021 kaɗai an kwashe ɗalibai a Kagara cikin Fabrairu, da yaran Islamiyyar Tegina a ƙarshen Mayu, da na kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri cikin Yuni. Ranar 15 ga Janairu 2023 aka ƙona Fada Isaac Achi a gidansa da ke Kafin Koro, a dayosis ɗin Minna mai maƙwabtaka. Ranar 17 ga Nuwamba 2025 aka sace 'yan mata a Maga ta Jihar Kebbi, bayan kwana huɗu, ranar 21, aka shiga Papiri. Wata sanarwa ta ce ɗalibai 303 da malamai 12 aka kwashe. Kimanin 50 sun kuɓuta da kansu, an sako 100 a farkon Disamba, sauran kuma kafin Kirsimeti. Lahadin da ta biyo bayan harin, 23 ga Nuwamba, ita ce ranar Almasihu Sarki, ranar da Katolika suke fita jerin gwano, kuma ranar da cocin ya keɓe wa matasa a kowane dayosis tun 2021. A ranar ne Fafaroma Leo ya yi kira daga Roma a saki yaran.

Jerin nan ya nuna bala'in bai zaɓi addini ɗaya ba, yaran Tegina allo suke riƙe da shi. Amma yadda ya taɓa farish na musamman ne. Makarantar kwana ta zama dole a Papiri saboda tungayen a warwatse suke, yaro ba zai iya zuwa ya dawo kullum ba. Abin da ya sa aka tara yaran wuri guda don su sami ilimi, shi ne ya sa aka iya kwashe su a dare ɗaya. Haka nan Fada yana rage fita ƙauye, ana gajarta sujadar dare, ana tunani sau biyu kafin a cika mota da matasa zuwa taro. Majami'ar da Fada bai zo ba wata da watanni, katikis da matan zumunta ne kaɗai suka rage mata. Mutanen da suka gudo daga ƙauyuka zuwa cikin gari kuma sun zama sabon nauyi, kuma sababbin maƙwabta, Musulminsu da Kiristansu.

7.0 Abin da maƙalar take ba da shawara

Tsaron hanya da makaranta haƙƙi ne a wuyan gwamnati, babu addu'a ko gayyar matasa da za ta sauke mata shi. Abin da ke hannun dayosis shi ne tsarinsa na cikin gida. Ina ganin lokaci ya yi da kowane rukunin farish zai sami wurin ziyararsa na kusa, wanda za a je da rana a dawo da rana, a yi shi da Hausa da harsunan gida, a kuma ɗaura masa aiki: duk ayarin da ya fito ya biya ta asibiti ko gidan gyaran hali ko masaukin waɗanda suka gudo. Kuɗin da ake tarawa don tura mutum ɗaya ƙasar waje, a yi tunanin katikis nawa zai horar, ya kuma saya musu keke ko babur. Ƙungiyar matasa ta riƙe littafi, ta rubuta gidan da aka je da abin da aka kai da ranar komawa, ta karanta shi a gaban majalisar farish, ta bar wayar ɗaukar hoto a aljihu. Shugabannin matasan coci da na 'yan agaji a Kontagora su zauna su fitar da jerin masu ba da jini guda ɗaya na gari.

Kirana na ƙarshe gare mu ne masu nazari. Dattawan da suka haƙa rijiyoyin farko, da malaman da suka koyar a karatun rani, da matan da suka kafa zumunta a tungayen Kambari, da yawansu suna raye, amma shekaru sun ja. Ina roƙon malaman sassan Hausa da tarihi da nazarin addinai a manyan makarantunmu na Kontagora da Minna da Sakkwato su tura ɗalibai su naɗi bakin waɗannan mutane, da Hausa da harsunansu, tun suna iya ba da labari.